Kifin Farko na Bana

Shekara arba'in da ɗoriya Aukje Bangma tana yanka albasa a rumfar kifin mijinta, can bakin tashar jiragen ruwa ta Harlingen, amma ɗanyen haring, kifin tekun nan da ake ci da gishiri ba a dafa ba, bai taɓa wuce leɓenta ba. Duk garin an sani, har abin ya zama na tsokana. Masu saye sukan ce, "Madam, yau ma ba za ki taɓa ba?" Ita kuwa sai ta ɗaga wuƙa ta ce, "Ni kyanwa ce da zan ci kifin da bai ga wuta ba? Ku ci, ku biya, ku ba ni wuri." Mijin nata, Douwe, ya yi lallashi, ya yi gori, ya yi fushin ƙarya, duk a banza. Mace ce mai taurin kan tsiya, kuma shi ma ya san da taurin kan nan ya aure ta.

Shi kuwa Douwe kifin nan ne duniyarsa. Kowace shekara a tsakiyar Yuni, ranar da ake buɗe sayar da sabon haring, akwai abin da yake yi wanda ya gada wurin mahaifinsa. Bokitin farko zai iso da sassafe, mutane su yi layi har bakin gada, amma ba a sayar wa kowa sai Douwe ya ɗanɗana. Zai zaro guda, ya gyara shi da 'yar wuƙarsa, ya kama wutsiyar, ya dangwala a albasar Aukje, ya ɗaga kai sama ya zura shi a baki. Sai ya rufe ido yana taunawa, layi ya yi tsit. In ya ce, "Ya nuna," a ɗaga tuta a kan rumfa, ciniki ya buɗe. Akwai shekarar da ya tofar, ya ce akwai ɗaci, ya mayar wa dillali da bokitin sukutum, ya rufe rumfa har aka kawo wani. Aukje ta yi masifa kamar ta ari baki, amma tun daga ranar ba wanda ke sayen kifin farko a wani wuri.

Cikin sanyin Janairu abin ya same shi. Yana tsaye yana goge tebur, sai ya dafe ciki ya durƙushe, yana cewa wani abu ya soke shi har gadon baya. Kafin motar asibiti ta iso ya yi amai har ya galabaita. A asibitin birni aka ce wata 'yar tsakuwa ce ta gangaro daga matsarmama ta toshe hanya, sai fankiriyas ɗinsa, wato tsokar nan da ke kwance a bayan tumbi tana fitar da ruwan narka abinci, ta kumbura ta soma narkar da kanta. Magulmatan gari suka ce giya ce. Ƙarya suke yi. Mutumin da ɗan mitsitsin kofi ɗaya na giya yake sha ranar Asabar, shi ma sai Aukje ta gama hararar sa.

Sau ɗaya aka yi masa aiki, shi ma don ba yadda za a yi, hanji ya ɓule. Suka buɗe cikin, suka kwashe abin da ya ruɓe, da ƙyar suka iya rufewa. Ya yi makonni bai san inda kansa yake ba. Da ya dawo hayyacinsa sai Likita Veldman, wani dogo mai sanƙo da ke zuwa aiki a kan keke ko ana tsuga ruwa, ya jawo kujera ya zauna a gabansu. Ba mai kewaye-kewaye ba ne.

"Malam Bangma, wuƙa ta gama nata," in ji shi. "In muka sake buɗe cikin nan ba za ka sauko daga kan teburin da rai ba. Kayan cikin sun manne da juna, sun yi laushi, ko zare ba za su riƙe ba."

"To sai me?" Aukje ta tare shi. "Ku zuba masa ido ke nan?"

"A'a, Madam. Tsokar ta ɓule, tana yoyo, ruwan yana taruwa a ciki yana ruɓewa. Za mu zura roba ta kuiɓinsa mu riƙa janye shi, mu riƙa wankewa. Mu ba shi maganin ƙwayoyin cuta, da allurar da ke rage yoyon. In an dace, ɓular za ta rufe da kanta. Amma akwai sharaɗi. Ba abin da zai bi ta bakinsa. Duk lomar da ya haɗiya, tsokar za ta farka ta ƙara zubo ruwa. Abincinsa ta hanci zai bi, ta wata siririyar roba da za ta wuce tumbin."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Watanni."

Douwe, da tun ɗazu yake kallon rufin ɗaki, ya juyo da kai. Muryarsa ta dushe saboda robar numfashin da ta daɗe a maƙogwaronsa. "Likita, wannan tsokar, ita ce mai narka abinci?"

"Ita ce."

Sai ga tsohon yana dariya, dariyar tana ja masa ɗinki yana yamutsa fuska. "Aukje, kin ji? Ita ce wadda ake bari!"

Ta ji mana. Duk mai haring ya san wannan. In an kama kifin, ana zare masa maƙogwaro da hanji da tsinin wuƙa, amma akwai 'yar tsoka guda da ake bari a ciki da gangan. Ita ce ke sakin ruwanta sannu a hankali cikin gishiri, ta tausasa naman, ta ba shi ɗanɗano. Ba don ita ba haring ba zai nuna ba. Mahaifin Douwe wannan aikin ya yi a jirgi har yatsunsa suka lanƙwashe.

"Wato nuna nake yi," in ji Douwe. "An sa ni a bokiti."

Likita bai yi dariya ba. "Kusan haka ne," ya ce.

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji Aukje. Ta miƙe ta ce za ta nemo shayi. Ba shayin da ta nema. Bayan ƙofar bene ta tsaya ta yi kukanta, ta fyace hanci, ta dawo.

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. 'Yarsu Renske ta ajiye aikinta ta riƙe rumfa, tana sayar da soyayyen kifi da mai hayaƙi kafin lokacin haring ya zo. Aukje kuwa kullum jirgin ƙasa na safe ke kai ta birni. In ta shiga ɗakin ba fuskar mijinta take fara dubawa ba. Jakar robar da ke rataye a gefen gado take durƙusawa ta duba, inda ruwan ke ɗiga, mai kalar ruwan wanke-wanke. In ya ragu a kan na jiya, ranar har kek take saya wa nas-nas. In ya ƙaru, to kowa ya kiyayi kansa, har mai shara.

Yunwar Douwe ba ta ciki ba ce, tunda robar hanci tana aikinta. Ta baki ce, kuma ta fi ta ciki cin rai. Mutumin da ya yi rayuwarsa da harshe, ga shi an bar shi da ɗan soso a kan tsinke da ake jiƙa masa leɓe da shi. In keken abinci ya wuce ta ƙofa sai ya bi ƙamshin da hanci yana faɗin abin da aka dafa, kuma ba ya kuskure.

"Aukje, ko ɓawon burodi."

"A'a."

"To cuku. In lasa kawai, in tofar."

"Na ce a'a."

"Kai, wannan mata! Da na san 'yar sanda na aura da ban yi rawa ranar bikin ba."

"Da ma rawar taka abin kunya ce. Ɗaga hannu in goge maka."

Sunan ya bi ta, har nas-nas suna cewa ga 'yar sanda nan ta iso. Wata rana Sibe ya zo dubiya, tsohon matuƙin jirgin ruwa, abokin Douwe tun suna 'yan makaranta. Ya zauna a bakin gado yana ta zuba labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da jirgi, amma ya ƙi cire hula. Aukje ta dube shi, ta sake dubansa.

"Sibe, me ke cikin hular nan?"

"Kaina ne, Aukje."

"Kan naka ne ke warin cuku?"

Ta fizge hular, sai ga yankin tsohon cuku naɗe a takarda ya faɗo kan bargo. Tabɗi! Ranar har ɗakin da ke kusa an ji muryarta. Ta kira shi mai kisan kai, ta kira shi tsohon da bai san ciwon kansa ba, ta jefa cukun a kwandon shara ta danne da ƙafa. Sibe ya fita sumui-sumui da hularsa a hannu. Douwe ya juya wa bango fuska, kuma abin da ba ta taɓa gani ba, kafaɗunsa suna rawa. Kuka yake yi a kan cuku, Allah sarki.

Ta zauna a bakin gadon ta dafa shi. "Saurare ni, Douwe. Ka tuna babana? Ka tuna ranar da nas ta kawo masa sigari da kofi mai madara, ta ce ya sha abinsa? Kai ma ka san abin da ranar take nufi: sun fid da rai da shi. Muddin Veldman yana hana ka ci, to bai fid da rai da kai ba. Hanin nan shi ne abin da muke da shi. Ranar da ka ga na shigo maka da abinci da hannuna, to ranar ka yi kuka."

Daga nan ya daina roƙo na ɗan lokaci.

A watan Afrilu ruwan jakar ya ja baya sosai. Aka ta da shi tsaye, ya taka har ƙarshen baranda yana jan sandar ƙarin ruwa, rigar asibiti tana buɗewa ta baya yana zagin wanda ya ɗinka ta. Aukje har ta sa aka wanke labulen gida don shirin dawowarsa. Sai zazzaɓi ya dawo. Hoto ya nuna wani sabon ƙunshin ruɓa a can ciki, inda robar farko ba ta kai ba. Aka zura ta biyu. Ba ta isa ba, aka bi ta bakinsa da na'urar leƙen ciki, aka huda bangon tumbi aka sa wani ɗan bututu don ruɓar ta riƙa zubowa ta nan. Kowane sabon abu sai Likita Veldman ya zauna ya zana musu shi a bayan takarda, Aukje ta gyaɗa kai, ta ce to wannan karon kam.

Wata safiya ta durƙusa duba jaka ta tarar da ita ja wur. Ruwan nan ya ci jijiyar jini. Aka gangara da shi a guje, aka bi ta jijiyar matsematsinsa da siririyar waya aka toshe inda ke zuba. Ya tsira. Amma wanda aka dawo da shi ɗakin ba Douwen da ya taka baranda ba ne. Zoben aurensa ya soma zamewa daga yatsa, sai da ta cire ta rataya a wuyanta. Ƙafafu suka kumbura, sauran jiki ya zama ƙashi da fata. Aka canza magani, aka sake canzawa, ƙwayoyin cutar sun daina jin kowanne. Nas-nas suka rage yi mata wasan 'yar sanda. Ta lura, ta yi kamar ba ta lura ba, ta ci gaba da durƙusawa gaban jakarta.

Haka har Yuni ya kama. Ana gobe za a buɗe sayar da haring, Renske ta zo da rana, da cikinta da ya fara fitowa, ta zauna tana murza hannun mahaifinta.

"Baba, gobe bokiti zai iso. Tun makon jiya ake tambayata wa zai ɗanɗana."

"Ke mana. Jinin wa gare ki?"

"Ungozoma ta hana ni ɗanyen kifi sai na haihu."

Douwe ya yi 'yar dariya mara ƙarfi. "Gidan nan kowa an ɗaure masa baki. Ɗaya likita, ɗaya ungozoma, ɗaya kuma iskanci ne kawai." Ya saci kallon matarsa. "Aukje. Guda ɗaya. Ba zan haɗiye ba, na rantse da kabarin babana. In ɗora a harshe, in faɗa muku, in tofar. Tun da aka kafa rumfar nan ba a taɓa ɗaga tuta ba a ɗanɗana ba."

"To bana sai a fara."

"Haba, 'yar sanda."

"Ko za ka mutu da roƙo ba zan kawo ba." Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta miƙe ta fita da sauri, ta ce bari ta nemo likita ya zo ya ja masa kunne da kansa.

A baranda ta same shi, yana wanke hannu. "Likita, ka zo ka yi wa mutumin nan faɗa. Wai haring yake so in kawo masa gobe. Ɗanyen kifi mai maiƙo, fisabilillahi! Ni na gaji da zama muguwa ni kaɗai."

Likita Veldman ya goge hannunsa da takarda a hankali, ya jefa takardar a kwando. Sannan ya juyo ya dube ta.

"Gobe ne ranar sabon haring, ko?" ya ce. "Ki kawo masa, Madam Bangma."

Ta ji maganar sarai.

"Ka ce me?"

"Ki kawo masa. Duk abin da ransa ke so."

"A'a," in ji Aukje. "A'a, Likita. Kai ne ka ce ko loma ɗaya. Da bakinka ka faɗa. Wata biyar ina gadin bakin mutumin nan, na kori abokinsa, na sa shi kuka a kan cuku. Kada ka yi mini haka. Ka sa wata robar. Ka canza magani."

Ya ja ta zuwa wani benci suka zauna. Ya faɗa mata dalla-dalla, ba ƙari ba ragi. Hoton da aka ɗauka da safe ya nuna ɓular ba ta rufe ba, ƙara faɗi ma ta yi. Ruɓar ta bazu inda roba ba za ta kai ba. Ƙoda ta fara gajiya, hanta na bin ta. Wuƙa kuwa tun farko an san ba hanya. Abin da ya rage shi ne a tsare masa ciwo, a bar shi ya huta.

"Ba ki yi aikin banza ba," ya ce. "Watannin nan ke kika ba shi su."

"Ni ba watanni na nema ba."

"Na sani. Gobe da rana zan zauna da ku, har da 'yarku, in faɗa masa da kaina. Haƙƙinsa ne ya sani."

"To ka bar ni in riga ka sanar da shi," ta ce.

Washegari ba ta hau jirgin safe ba, tashar jiragen ruwa ta nufa. Layi har bakin gada, kamar kowace shekara, ga bokiti a rufe a kan tebur, ga tuta a naɗe. Renske na tsaye ta rasa yadda za ta yi da jama'a, Sibe na gefe, tunda tun ranar cuku ba ya yarda su haɗa ido. Aukje ba ta gai da kowa ba. Ta ɗaura gyalen aiki, ta buɗe bokiti, ta zaro guda mai ƙiba. Da 'yar wuƙar Douwe ta gyara shi, ta cire kai, ta zare ƙaya, ta saɓule fata, ta bar wutsiya. Ta yanka albasa ƙanana-ƙanana yadda yake so, ta naɗe komai a takarda.

"Mama!" Fuskar Renske ta washe. "An yarda ya ci? Sauƙi ya samu ke nan?"

"Kada ki sayar wa kowa sai na kira ki," in ji Aukje. "Sibe, ina motarka?"

Sibe ya dubi ƙunshin da ke hannunta, ya dubi fuskarta. Sai ya cire hularsa a hankali ya riƙe a ƙirji. Da suka isa birni, a ƙofar asibiti ya ce shi a mota zai jira.

Douwe na kishingiɗe an tokare shi da matasai, idonsa biyu. Yau ba ta duba jaka ba. Ta rufe ƙofa, ta jawo ɗan teburin gado, ta warware takardar. Nan da nan ƙamshin teku da albasa ya danne warin magani. Hancinsa ya buɗe, ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ɗago hannu, ya kusa kai wa wutsiyar, sai ya tsaya. Ya ɗaga ido ya dube ta.

"Veldman ya sani?"

"Ya sani."

"Shi ya ce ki kawo?"

"Shi ya ce."

Hannun ya koma kan bargo. Ya dubi kifin, ya dubi zobensa da ke rataye a wuyanta, ya sake duban kifin.

"Mayar da shi," ya ce. "An hana ni."

"Douwe."

"Na ce an hana ni! Ke ba 'yar sanda ba ce? Yi aikinki mana! Je ki kira Veldman ya zo ya hana ni. Aukje, don Allah, je ki kira shi ya hana ni."

Ba ta je ba. Ta zauna a bakin gadon ta rungume kansa, robar hanci tana gogar wuyanta, suka yi kukan da kowannensu ya daɗe yana yi a ɓoye. Ta so ta ce masa ƙarya ne, wasa take yi, ta tattare kifin ta jefa a kwando ta danne da ƙafa. Wallahi ta so. Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma da ya gane.

Can ya ja numfashi, ya goge fuska da gefen bargo. "Suna jira?"

"Har bakin gada."

"Kuma ba a ɗaga tuta ba?"

"Wa zai ɗaga ba ka faɗa ba?"

Ya lakaci gefen kifin da ɗan yatsa ya kai harshe. Ya rufe ido kamar yadda ya saba. Ta zuba masa ido tana jira. Da ya buɗe, sai ya girgiza kai.

"Ba komai. Ƙarfe kawai nake ji, tun da suka fara sabon maganin nan. Ko takalmi kika ba ni ba zan bambance ba." Ya tura mata takardar da bayan hannu. "Ke ci."

"Ni?"

"Akwai wata a ɗakin?"

"Ka san ba na…"

"Na sani. Shekara arba'in na sani. Kama wutsiyar. Ba haka ba, da yatsa biyu, ke ba ki taɓa kallona ba ne? Yawwa. Dangwala. Ƙara, kada ki yi rowar albasarki. To ɗaga kai. Sama, mata, ba wanda zai yanka ki."

Ta ɗaga kai, ta rufe ido, ta gatsa. Sanyi da santsi suka cika mata baki. Ta tauna. Ta haɗiye.

"Yaya?" in ji Douwe.

"Ban sani ba." Ta buɗe ido. "Douwe, ban san yadda mai kyau yake ba. Ban taɓa sani ba."

"Sake gatsa, ki bar shi a harshe, kada ki yi gaggawa. Yana narkewa kamar man shanu, ko sai kin ja da haƙori?"

"Yana narkewa."

"Gishirin fa? Shi ya fara dukan ki, ko daga baya ya biyo?"

"Daga baya."

"Can ƙarshen harshe, kusa da maƙogwaro. Akwai ɗaci?"

Ta tsaya ta saurari bakinta. "Babu."

"To me kike jira? Kira yarinyar."

Ta ciro waya ta kira, ta miƙa masa. Ya kau da kai. "Wanda ya ci shi ke faɗa."

Renske ta ɗauka tun bugun farko, ana jin hayaniyar layi da kukan tsuntsayen teku a bayanta. "Mama? Yaya?"

"Ya nuna," in ji Aukje. "Ɗaga tuta."

Renske ta juya ta faɗa wa jama'a, sai ga shewa da tafi suna fitowa ta wayar har Douwe ya ji, ya lumshe ido. Wani a layi ya ɗaga murya yana cewa a gai da tsohon, a ce masa ya yi maza ya dawo. Renske ta dawo kan wayar tana dariya. "Baba ne ya faɗa? Ba ni shi in ji muryarsa!"

"Ni na faɗa," in ji Aukje.

Dariyar ta tsaya. Shewar layi ta ci gaba a baya, amma daga Renske ba a ƙara jin komai ba sai numfashi.

"In kin sallami na farko, ki rufe ki taho. Likita yana son ganinmu da rana." Ta kashe wayar.

Douwe ya nuna ragowar kifin da haɓa. "Cinye. Ba a barin na farko." Ta cinye har wutsiya ta rage a yatsunta. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin ruwan da ake jiƙa masa soso a ciki, sai ya riƙe mata hannun riga.

"Kada ki sha. Ki bar shi ya zauna a bakinki, ki haddace shi. Baɗi da wannan za ki gwada, ba wanda zai tsaya yana yi miki tambayoyi." Ya ja ta da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Matso nan. Ƙara matsowa. Yi magana."

"In ce me?"

"Komai. Zage ni ma."

Ta sunkuya har goshinsu ya haɗu. "Tsohon banza," ta ce a hankali. Ya shaƙi ƙamshin kifi da albasa daga bakinta, ya riƙe numfashin iya yadda zai iya, sannan ya sake shi.

"Ƙara," ya ce.

Tana cikin ƙarawa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Likita Veldman ne, da kujerarsa a hannu.